Yatsan da Siminti Ya Cinye

Na'urar tantance masu zaɓe ta sake ƙin karɓar yatsan birkilan. Siminti ya riga ya cinye zanen tas.

"Baba, saura gwaji ɗaya," in ji ma'aikaciyar zaɓen. "In ta ƙi, sai haƙuri."

Shi da ya bi unguwa gida-gida yana rarrashin mutane su fito su zaɓi jam'iyyarsu, yau shi ne zai koma bai jefa ƙuri'a ba?

Sai yayansa ya taso daga bencin wakilan ɗaya jam'iyyar. Tun da aka fara kamfen ko gaisuwa ba ta haɗa su ba. Ya kama hannun, ya jujjuya shi, ya ja tsaki.

"Wannan yatsa ne ko bulo?"

Ya goga yatsan ƙanen a nasa goshin mai gumi, a hankali, har fatar ta yi laushi, sannan ya ɗora masa a kan na'urar. Ta karɓa.

"Yaya, ka san fa ba naku zan zaɓa ba."

"Na sani, mai taurin kai. Wuce, ka tare wa mutane layi."