Filin da Ba Ya Kawo Komai

Na'urar haska bango ta ƙi kamawa, kamar yadda ta saba duk ranar da ake buƙatarta, don haka Aminatu ta samu damar kurɓar ruwa ta daidaita numfashinta. Ita ce akantar tsare-tsare a wata jami'a mai zaman kanta kusa da Tungan Maje. Ba ita ke biyan albashi ba, ba ta kuma karɓar kuɗin makaranta. Aikinta ta gaya wa manya abin da ke cin jami'a da abin da ke ciyar da ita, su kuma su yanke hukunci su ce ai lissafi ne ya yanke.

Yau maganar filin bayan katanga za a yi. A takarda na jami'a ne, amma tun kafin a ɗora tubalin farko akwai rugar Fulani a cikinsa, da rafin da ba ya ƙafewa ko da bazara. Ɗalibai sun yi yawa, ana cusa su a ɗaki kamar buhunan masara, ga wani kamfani ya zo zai gina ɗakunan kwana da kuɗinsa a raba riba. In hukumar jami'a ta amince, ruga za ta tashi kafin damina.

Da maganar ta taso, ma'ajin jami'a, Oga Nicholas, ya so ya ba wani ma'aikaci aikin lissafin, ita ta ce a bar mata. Ta yi makonni tana juya shi. Ta gwada ɗora bene a kan tsofaffin ɗakuna, injiniya ya ce tushensu ba zai ɗauka ba. Ta gwada kama hayar gidaje a Zuba da motar jigila, asara ta fito tun shekarar farko. Har kuɗin nono da taki ta saka, in an bar shanun, Oga Nicholas ya yi dariya ya ce wannan ko man janareto ba zai saya ba. Ta ko'ina ta ɓullo, amsa ɗaya take tararwa. Ta san inda za ta ɗan taɓa lamba ɗaya abin ya karkata, babu mai ganewa. Amma ba ta taɓa yin haka ba, kuma ba a haka aka raine ta ba.

Shugaban jami'a mutum ne mai son a ce yana sauraron kowa, shi ya sa ya gayyato dattawan rugar. Aka karɓe sandunansu a bakin ƙofa, suka shigo da ƙamshin hayaƙi a rigunansu. Babbansu, Ardo Maude, ya bi mutanen ɗakin da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har mai raba shayi. Da ya zo kanta sai ya kau da kai ya wuce. Oga Nicholas ya raɗa mata cewa tsohon nan ya riga ya gane maƙiyinsa. Ita dai ta sunkuyar da kai.

Ardo bai ja magana ba. Ya ce ba rigima ta kawo su ba. Duk inda suka matsa sai gari ya biyo su, yanzu babu sauran wurin matsawa, kuma iyayensu na kwance a gindin tsamiyar bakin rafi. Aka fassara wa shugaba a gurguje, aka jinjina kai, aka ce akanta ta tashi.

Da Turanci ta yi bayani, don da shi ake zaman hukuma. Hoton filin ya fito a bango, ta nuna rafin, ta nuna tsamiyar ba tare da ta laluba ba. Ta faɗi abin da mutanen za su rasa, duk da cewa ba shi da gurbi a lissafi, ta roƙi a nema musu wani wurin. Hawaye ya zubo mata a gaban manya, ba ta share ba. Shugaba ya bari ta gama, sannan ya tambaye ta kai tsaye mene ne shawararta a matsayinta na akanta.

Ta ce a gina.

Hannayen 'yan hukuma suka tashi sama, babu wanda ya saura. Babu kuma wanda ya yarda ya fassara wa dattawan abin da aka faɗa. Shugaba ya ce a gode wa baƙi, za a sanar da su daga baya.

Aminatu ta bi su waje zuciyarta a karye. Ta ƙudura gara su ji daga bakinta da su ji daga bakin mai tuƙa katafila. Ta same su a baranda suna karɓar sandunansu, ta durƙusa har ƙasa a gabansu. Ba ta taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba, kuma ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi.

Kafin ta buɗe baki, Ardo Maude ya juya mata baya, da alkunyar nan ta 'yar fari da ta hana shi kallonta cikin mutane ko kiran sunanta tun ranar da aka raɗa shi. Fuskarsa cike da murmushi ya dubi abokan tafiyarsa. "Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma kun ga yadda ta tsaya mana har da kuka," in ji shi. "Ranar da na sayar da bijimaina na kai ta makaranta kun ce na haukace. To yau ga shi, wadda na haifa ta hana a tashe mu."