Sunayen Zuriyar Maƙera a Shafi Ɗaya

Kai da kake son nuna wa mutane duk abin da ka sani a zama guda, ji wannan. An yi wata mata a gidan maƙera, sana'arta haɗa shafukan intanet. Shekara biyu tana bin tsofaffin dangi gida-gida tana tambayar wane ya haifi wane, har ta tara suna ɗari tara da 'yan kai. Ta jera su kamar bishiya: kakan kakanni a gindi, 'ya'yansa rassa, kowane reshe da nasa rassan, ka taɓa suna ya buɗe, ka sake taɓawa ya rufe. Ranar taron zumunci zumuɗi ya hana ta ko karyawa. Don kowa ya ga yawan aikin, sai ta saita shafin ya fito da rassan duka a buɗe. Tsakar gida ya kaure da hayaniya, ana ta miƙa wa juna waya. Cikin baƙin akwai wata gwaggo da ta taso tun daga Kumasi, inda mahaifinta ya tafi fatauci bai dawo ba, kuma motarta da la'asar za ta tashi. Gwaggon ta karɓi waya, ta ja, ta ja, sunaye na zuba kamar gero daga yagaggen buhu, Audu bakwai, Habu goma sha ɗaya, har idonta ya yi ruwa. Ta ajiye wayar a tabarma, ta ce dama ta san an manta da su, ta fara ɗaure ƙunshinta.

Mai shafin kuwa ta san ba a manta ba, don da hannunta ta rubuta sunan mahaifin gwaggon. Ta janyo kwamfutarta a cinya, nan take ta sauya saitin: duk rassa su rufe, gindi kaɗai ya rage, kuma in an buɗe reshe ɗaya 'yan'uwansa su koma rufe. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, “Gwaggo, wa ya haifi Baba?” Tsohuwa ta faɗa. Aka taɓa gindi, sunaye huɗu suka fito. Aka taɓa na uku, shida suka fito. Aka taɓa ɗaya cikinsu, sai ga Ɗanjuma na Kumasi, ga sunan ita gwaggon a ƙarƙashinsa. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta rangaɗa guɗa da muryar da ba wanda ya zaci tana da ita. Kafin la'asar an nuna mata jikokin ƙanen mahaifinta su goma sha biyu zaune a tabarmar da ke kusa da tata, motar kuwa ta tafi ba da ita ba.

Sunan nan yana cikin shafin tun safe, yawan abin da aka baje ne ya binne shi. Shi ya sa Hausawa suka ce taura biyu ba ta taunuwa.