Ɗigon Dalmar da Ba Nasa Ba

Kwali ɗaya Mai Kunne ya buɗe, shi ma don ya manta bai saka sukurori a ciki ba. Da ya juya allon sautin da ke ciki sai ya ga ɗigon dalma mai tsini a gefen hagu. Nasa ɗigon kullum a mulmule yake fita. Kusa da ɗigon kuma ga wata 'yar kafasita, irin ƙwayar nan mai tace ƙara, a zaune daram, wadda babu ita a zanensa.

Sana'arsa haɗa ƙananan allunan sauti ce, irin waɗanda masu sha'awa ke ɗorawa a kan 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, don kiɗa ya fito tas. A wannan harka shiru ake saye. Idan waƙa ta tsaya, bai kamata a ji "shuuu" ko wani siririn fito a lasifika ba. Shi kuwa kunnensa ne jarinsa, har sunansa na yanka ya ɓace. Na'urar awon sauti da ƙanwarsa Auta ta sayo ma bai taɓa yi mata kallo biyu ba. Cewa yake wanda Allah ya ba kunne ba ya tambayar allon gilashi.

Ya buɗe kwali na biyu, ya buɗe na uku, ya bi sauran har ƙasan kanta. Kowanne an taɓa shi bayan ya gwada ya rufe. Hannun kuma ya san shi, domin shi ya koya masa riƙe ƙarfen dalma.

Abin ya ƙona masa rai matuƙa. Auta ce fa, wadda ya goya, wadda ya zaunar a kan benci ɗaya da shi ranar da kowa ke cewa mace ba ta wannan aiki. Kuma a daidai lokacin da hannunsa ya fi faɗawa! Tun bara allunansa suke ƙara yin shiru, har ya kan cire abin sauraro daga kunne ya yi wa kansa murmushi. Sai yanzu ya fara haɗa abubuwa. Dama ya lura mutanen gidan sun koma magana ƙasa-ƙasa, idan ya shigo sai ya ga baki na motsi kawai. Hatta butar shayi sun bari ta lalace ta daina fito, babu wanda ya damu ya sayo wata.

Da rana tsaka ya same ta a ɗakin aiki, ya zube allunan a gabanta.

"Wa ya ba ki mabuɗin inda nake ajiye kwalayen nan?"

Ta sunkuyar da kai ta yi wani gunguni. Sai matarsa ce ta leƙo daga bakin ƙofa, ta ɗaga murya ta ce ita ta ba ta, kuma don Allah ya daure su je ya ga likita.

Likita! Wato bayan an ci amanarsa, za a kuma mai da shi mahaukaci. Ya karɓe mabuɗinsa, ya ce wa Auta ta kwashe na'urarta ta bar masa ɗaki. Ta fita tana sharar hawaye, bai ko bi ta da kallo ba.

Ƙungiyar masu sha'awar sauti na da taro a ƙarshen wata, inda kowa ke kawo abin da ya ƙera a saurara. A can sunansa ya fito, a can kuma yake jin Auta ke shirin cewa aikin nata ne. Ya kulle kansa ya haɗa sabon allo shi kaɗai, daga zane har dalmar ƙarshe. Ko abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa. Da ya gama ya saurara, ya ƙure murya ya sake saurarawa. Bai taɓa haɗa allo mai tsabtar wannan ba. Ya saka shi a aljihun rigarsa, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Ranar taro zauren ya cika, an jera manyan lasifiku biyu a gaba. Ya hango Auta can baya ta rakuɓe jikin bango. Hakan ya yi masa daɗi, dama so yake a yi a gabanta.

"Wannan," ya ce da jama'a, "babu hannun kowa a cikinsa sai nawa. Ba zan sa waƙa ba tukuna. Ku fara jin shirunsa."

Ya ɗora allon a kan kwamfutar, ya kunna, ya murɗa murya har ƙarshe. Ya lumshe ido, ya harɗe hannu a ƙirji. Shiru ne cikakke, irin wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nema. Sai da ya ji ƙwalla na neman zubo masa, rabi don daɗi, rabi don takaicin abin da jininsa ya yi masa.

Da ya buɗe ido bai ga mai tafi ba. Wani dattijo a layin gaba ya yamutsa fuska, na kusa da shi ya kau da kai. Ita kuwa Auta ta ratso kujeru da gudu, ta fizge wayar wuta daga bango. Ya ɗaga hannu zai nuna wa duniya maci amana, sai ta riƙe hannun gam, ta kai bakinta dab da kunnensa, ta yi magana da ƙarfi yadda rabonsa da ya ji muryarta sarai haka har ya manta.

"Yaya, tun da ka kunna shi yake tsala fito. Tun bara duk allunanka haka suke yi, kai kaɗai ne ba ka ji."