Tabon Wuƙar Ɗantsoho

Mahbuba ta naɗe hannun rigarta, ta ɗora hannunta na dama a kan tebur, likitoci goma sha biyu suka matso. Kwana huɗu ke nan da fara horon da ake ba sababbin likitoci a Gumel kan duba ciwon ƙashi da gaɓoɓi. Yau malaminsu, Dakta Habibullah, ya ce babu allo babu hoto, mutum za a taɓa.

Hannun ya tsotse kamar busasshen kara. Yatsun sun lanƙwashe cikin tafi, ba sa miƙewa. Daga gwiwar hannun zuwa wuyansa akwai wani siririn tabo.

"Ku duba, ku taɓa, ku motsa," in ji Dakta Habibullah. "Amma kafin duk wannan, ku saurara."

Shekara goma sha ɗaya yana wannan horo, kuma kowace shekara Mahbuba takan shigo motar haya daga Gagarawa, inda take aure. Da kansa yake zuwa tasha ya tarye ta, ya riƙe mata jaka.

Ta ba da labarinta a taƙaice, irin na wadda ta saba. Tana 'yar shekara takwas ta faɗo daga kan jaki a ƙauyensu, kusa da Ɗanzomo, hannun ya karye, aka ɗaure. "Kwana biyu ina kuka ba barci. Aka koma aka faɗa wa wanda ya ɗaura, ya ce shagwaɓa ce, a dawo bayan mako shida."

Tsaki ya tashi ta ko'ina. Wani Dakta Siddiq, wanda ko wata shida bai yi da fara aiki ba amma ya riga ya san komai, ya ce masu ɗorin gargajiya sun gama da mutanenmu. Dakta Habibullah bai ɗaga kai ba.

"Wanda ya ɗaura bai duba yatsun ba," ya ce. "Ɗauri ya matse, jini ya tsaya, yarinya ta faɗa, bai ji ba. Sunansa kuma sai gobe, ranar rufewa."

Mutum ɗaya ce ba ta yi tsaki ba, Dakta Zubaida. Tun da ta ji an ambaci Ɗanzomo hankalinta ya koma gida. A wancan zamanin mai ɗori ɗaya ne a duk yankin, Malam Ɗantsoho, kuma shi ya haife ta.

Tana aji huɗu a makarantar likitanci ta ga ƙafafun da ake yankewa bayan ɗorin gida. Ta dawo hutu da zafin kai, ta tsaya a zauren mahaifinta, a gaban majinyatansa, ta ce ya daina nakasa mutane. Ta kwashe karan ɗorinsa ta zuba a murhu. Tsohon ya dube ta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Likita." Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, har ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun rasuwarsa take addu'ar Allah ya sa ita ce ta zalunce shi, ba shi ya zalunci kowa ba. Yanzu ga hannu a kan tebur, gobe kuma za a kira suna a gaban abokan aikinta.

Da layi ya zo kanta ta taɓa wuyan hannun, ta gwada miƙe yatsun, suka ƙi. Ta bi tabon da ɗan yatsa. Ta tuna wata ƙaramar wuƙa da ake wasawa a ƙofar zaurensu kowace Juma'a.

"Wannan fa, Yaya?"

"Wuƙar Malam Ɗantsoho ce," in ji Mahbuba.

Zubaida ba ta ji sauran darasin ba. Ta rasa wanda za ta yi wa kuka, mahaifin ko mai hannun.

Bayan an tashi ta tarar da Mahbuba a gindin darbejiya tana jiran a kai ta tasha. Ta durƙusa a gabanta da farar rigar aiki.

"Yaya, ni 'yar Malam Ɗantsoho ce. Ya rasu. Na zo in roƙa masa gafara."

Mahbuba ta yi salati, ta kamo ta da hannun hagu, hawaye ya zubo mata.

"Gafarar me, Likita? Ai da ba don shi ba, daga kafaɗa za a cire hannun nan. A rana ta uku innata ta goya ni ta kai masa. Yana ganin yatsuna ya jiƙa filastar da aka ɗaure min hannun da ita a asibiti, ya tsaga ta da wuƙa, yana sauri har ya yanke ni. Yana yi yana kuka, wai yana da 'ya mace a gida."

Ta juya ta dubi Dakta Habibullah, wanda ke tahowa a hankali riƙe da jakarta.

"Wanda ya sa min filastar, ga shi nan zuwa. Gobe zai faɗa muku da bakinsa, kamar kowace shekara."