Keken Haris

Saura kwana biyu a yi bikin gidauniya. An yi hayar rumfuna, an kama makaɗa, an buga huluna masu hoton yaro, amma Alhaji Makau ba shi da Haris.

Shekara goma sha huɗu ke nan yana shugabantar Gidauniyar Haris a Anka. Duk Babbar Sallah, a rana ta uku ta shagali, sai a rataya ƙyallen nan mai hoton wani yaro ɗan shekara bakwai da gubar dalma ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Makaɗa su cashe, Alhaji ya yi kuka a lasifika, masu hali daga Gummi da Bukkuyum su zuba kuɗi. Kukan kuwa, a ba shi abinsa, ya iya.

Yaron ne dai ba a taɓa gani ba. Alhaji ya ce yana can ƙauye a kwance, ba um ba um-um, kuma hayaniya na tayar masa da ciwo. Gaskiyar magana, tun ranar da aka ɗauki hoton bai sake tambayar inda yaron ya shiga ba.

Bana sai ga takarda daga wata Dakta Muhsina ta Zariya, wadda ake cewa hannunta a buɗe yake. Za ta zo, amma tana so a zaunar da Haris a gaba, kowa ya gan shi. Labari ya riga ya zaga gari. In ba a fito da Haris ba, gidauniya ta mutu, mutuncin Alhaji ya bi ta kabari.

Sai ya sa aka raɗa a tasha cewa ana neman saurayin da zai zama Haris na yini ɗaya.

Shitu ne ya fara zuwa, mai wasan barkwanci a gidajen biki. Yana cikin gwaji sai wani saurayi ya yi sallama a ƙofar ofis, jaka a kafaɗa, hannun hagu a aljihu. Hausar bakinsa ba ta nan ba ce sosai, kuma kalma ba ta fito masa da sauri.

"Na zo ne... kan maganar... Haris."

"Rage murya mana! Shigo ka rufe ƙofa," in ji Alhaji. "Hau keken ga mu gani."

Saurayin ya dubi keken guragun, ya zauna a miƙe kamar mai jiran layin asibiti.

"Langaɓe kai. Sako miyau."

"Alhaji, ai ni..."

"Ai kai mi? Ba ka taɓa ganin mai ciwon ƙwaƙwalwa ba? Ni shekara goma sha huɗu nike cikin harkar ga, tashi in gwada maka!"

Alhaji ya tattare babbar riga ya faɗa keken, ya karkace baki, ya juya idanu har sai farin kawai ake gani. Shitu ya kwaikwaya nan take, har ya ƙara da rawar ƙafa wadda ba a koya masa ba. Saurayin ya gwada sau biyu, abin ya ƙi.

"Kai ba ka da baiwa," in ji Alhaji. "Ɗan ɗingishin da ka shigo da shi ma bai da ban tausayi. Shitu shi na Haris. Kai ka tura keke, a ba ka hula da soyayyen nama."

Saurayin ya buɗe baki. Kafin kalmar farko ta iso, wayar Alhaji ta yi ƙara, ya fice yana faɗa da mai rumfa. Saurayin ya jima tsaye gaban ƙyallen da ke jingine a bango. Daga nan ya yi wata 'yar dariya, ya ɗauki hula ya kafa.

Ranar biki fili ya cika tun kafin azahar. Maroƙi ya wasa duk wanda ya zo da mota. Aka yi jawabi bakwai kan tausayin masu jinya, kowane ya fi na baya tsawo, masu jinyar na gaske kuwa su biyar suna can bayan rumfa a rana, don kujeru sun ƙare.

Da aka turo Shitu, wuri ya rikice. Mata suka hau salati. Wata tsohuwa ta ce wallahi idanun ba su sauya ba. Aka yi ta liƙa masa kuɗi a goshi, shi kuma hannun da aka ce ya shanye yana bin waɗanda suka zame yana cusawa ƙarƙashin cinya. Mai turin keken ya bi da shi gaban manyan baƙi a hankali, yana ɗan jan ƙafa.

Bayan la'asar motar Dakta ta tsaya. Dattijuwa ce siririya mai tabarau. Alhaji ya tarye ta da hawayensa a shirye, ya kai ta har gaban keken.

"Ga shi nan, ranki ya daɗe. Duk Jumma'a ni ka zuwa in duba shi. Ko Inna bai iya cewa."

Ya miƙa mata lasifika. Ta karɓa, ta tsura wa Shitu ido. Makaɗa suka tsaya. Shitu ya ji shirun ya yi yawa, ya ƙara miyau, ya ƙara rawar ƙafa har keken na kaɗawa. Gumi ya fara bin wuyan Alhaji.

Dakta ta gyara tabarau, ta ɗaga kai ta saman keken, ta yi magana lasifikar na bakinta.

"Haris, na ce ka riga ni zuwa ka gaida Innarka, ka gaya wa mutanen nan da bakinka ka gama makaranta. Wa ya ba ka turin keke?"