Katifar Jika

A'a, Uwani, wannan ba sauro ba ne. Miƙo hannun in gani da kyau. Kin ga yadda cizon ya jeru kamar an yi shuka? Kuɗin cizo ne. Kuma wai ba za ki iya faɗa wa mai otal ɗin ba, don abokin maigidanki ne, alfarma ya yi muku ya ba ku ɗakin ku yi jinya. Zauna nan kan benci, kafin miyar ta ɗumamu in ba ki wani misali.

An yi wata mata a wani ƙauye, mijinta manomin auduga ne. 'Yarsu ɗaya tal, tana aure a birni, ga ta da ciki. Shekarar nan da ya cire auduga, sai ya ware mai kyan ya zuba a buhu, ya ce wannan ba ta kasuwa ba ce, ta jikansa ce, a yi masa 'yar katifa. Allah bai nufa ya ga jikan ba. Cikin takaba matar nan ta zauna ta gurje audugar da hannunta, ta shiɓe ta tas, ta yanka wata tsohuwar taguwar mamacin ta ɗinka 'yar katifa, mai laushi kamar me. Da aka aiko an haihu, amma an yi wa 'yar tata aiki tana asibiti, sai ta naɗe katifar ta ɗaure da igiya, ta hau mota. Gidan mijin 'yar da nisa, don haka aka sauke ta a otal ɗin wansa da ke bayan asibitin, aka ba ta wani ɗaki can lungu. Ba ta runtsa ba. Da gari ya waye ta ɗaga gefen katifar gadon, sai ga su cunkus a bakin ɗinki, da ɗigo-ɗigon baƙi, da warin nan nasu. Kullum da safe mai otal zai leƙo ya ce an tashi lafiya, ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe hannuwanta, ta ce lafiya lau. Ina ita ina buɗe baki ta ce wa suruki shimfiɗarsa na cizo? A gabanta wani direba ya fito yana faɗa kan ɗakin da ke jikin nata, nan take aka canza masa. Ashe mutumin ya san da su sarai, ɗakunan lungun nan ya ajiye su ne don waɗanda ba su iya magana. Ita dai ta koma kwanan ƙasa. Don kada 'yar katifar jikan ta taɓa dauɗar ƙasa, sai ta ɗora ta kan gadon. A ganinta jini suke bi, me za su yi da auduga?

Da aka sallami 'yar suka koma gida, ta kwance igiyar, ta shimfiɗa katifar, ta kwantar da jariri, ta ce wa 'yar saƙon babanta ne. 'Yar ta gane taguwar, ta kifa kai ta yi ta kuka. Ba a kai suna ba yaro ya fara tsala kuka ba dare ba rana, jiki duk ya yi ruɗu-ruɗu. Da aka farke bakin ɗinkin, sai ga su suna gudu. Matan gida suka shiga ƙus-ƙus, wai da ma daga ƙauye aka kwaso musu. Wa kike jin ya fi kowa ɗaga murya? Shi wan mijin, mai otal. Ya tsaya tsakar gida ya ce mutanen ƙauye sai haƙuri, su da ƙazanta ba sa rabuwa, a fitar da abin nan a cinna masa wuta. Matar nan tana tsaye jikin bango aka zuba kananzir. Kin san auduga, kafin ka ce me ta zama toka. Da kowa ya watse, 'yar ta ga hannun uwar, ta ga tabon cizon, ta gane inda aka samo su. Ta ce, "Inna, me ya hana ki faɗa tun ran farko?" Ta ce, "Kunyarsa na ji." Washegarin suna ta hau mota ta koma ƙauye, ba abin da ke hannunta sai igiyar da ta ɗauro katifar.

Shi ya sa manya suka ce kunyar mara kunya asara ce.

To, ke dai yanzu ki je ki faɗa masa, da lalama, ba sai da faɗa ba. In mutumin kirki ne zai gode miki, in ba shi ba ne kin huta. Kada ki ƙara ɗora jakarki kan gadon nan. Kayan da kika kwana da su ki kawo in tafasa miki ruwa a murhuna, mu shanya su a rana, kafin ki kai su kusa da maras lafiya.

Yi haƙuri, 'yar nan, ga masu jinya can sun jeru da kwanukansu. Bari in zuba musu tuwo.