Kantar Furanni a Bangon Yamma

Auta na tsugune a baranda tana ba furannin marigayiya Mama ruwa lokacin da malamin lissafi ya yi sallama. Ta san amsarta kan maganar aurensu ya zo ji, kuma ta riga ta shirya ce masa ya yi haƙuri. Idan ta yi aure, wa zai kula da shukokin nan, wa kuma zai taya Baba hira?

"Ƙawarki ta ce na iya lissafin komai ban da abin da ke damunki," in ji shi. Ya miƙo mata wayarsa. Hoton wani ƙaramin gida ne, da kantar katako a jikin bango, ta ɗan karkace.

"Gidan da na samo mana ne, a bayan layinku yake. Ni na buga kantar da hannuna, saboda furannin. Baba kuwa, ko tari ya yi za ki ji."

Ta daɗe tana kallo, ruwa na zuba a ƙafarta ba ta sani ba.

"Malam," ta ce, ba ta ɗago ido ba, "a bangon yamma ka kafa ta. Zafin la'asar zai ƙone su."

"To, in cire ta?" in ji shi.

"Ka mayar da ita gabas. Kuma rabi kawai zan ɗauka, sauran na Baba ne."

Daga cikin ɗaki Baba ya yi gyaran murya. "Auta, ki bar min masu jure ƙishi."